Tsohuwar mota tana kwanciya a kwana: rim za a fara canzawa ko shokazoba?

Mai_Tsohuwa: Salamu alaikum. Motar ta haura shekara 20, tayoyinta 195/65 R15. In na shiga kwana da ɗan gudu sai ta kwanta gefe guda, sitiyari kuma yana da wasa. Ina son sa mata rim 17 in kuma rage mata tsayi. Ta ina zan fara?

Sifana17: Wa alaikumus salam. Malam, bar maganar rim tukuna, wasan sitiyari ba daga nan yake ba. A ɗaga motar, a kama taya ta hagu da dama a girgiza. In ta motsa, tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya. In da aka kama ta sama da ƙasa ne ta motsa, a duba bol joyin (gaɓar da ke haɗa ƙafar taya da hannun ƙasa) ko boris (abin da taya ke juyawa a kai). Sai bushin da ke mahaɗar ƙarafan ƙasa, wanda robarsa kan tsattsage in ta tsufa. Shokazoba kuwa, danna kusurwar motar ka saki: in ta ci gaba da lilo, ko ka ga mai yana tsiyaya a jikinta, ta gama aiki. Bibbiyu ake canza su, na gaba tare, na baya tare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ɗaure notin bushin mota tana rataye. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, shi ne na ƙarshe.

Mai_Awo: Haka ne. In an zo kan rim, ni dai 16 zan ce, da taya 205/55 R16. Tsayinta milimita 632 ne, ta yanzu 634, saboda haka ma'aunin gudu ba zai yi maka ƙarya ba. Rim 17 galibi ya fi nauyi, ga gefen taya siriri, duk ramin da ka faɗa sai tsoffin ƙarafan ƙasa sun ji a jikinsu. Kafin ka saya, tabbatar PCD ɗinsa, wato yawan ramukan noti da faɗin da'irarsu, daidai yake da na motar, misali 4x100 ko 5x114.3, kuma lambar ET, mai nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, kada ta yi nisa da ta asali fiye da milimita 5 ko makamancin haka, don kada taya ta riƙa gogar bodi ko sifirin. In ramin tsakiyar rim ya yi faɗi, a sa zoben da zai cike shi, in ba haka ba sitiyari na iya dinga karkarwa.

Mai_Tsohuwa: Na gode ƙwarai. To rage tsayin fa? An ce a yanke sifirin kawai.

Sifana17: Kada ka yarda, ɗan'uwa. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya zamewa. Sayi wanda aka ƙera gajere, ragin kada ya wuce milimita 30, ka haɗa shi da shokazobar da ta dace da shi. Notin taya kuma a sake duba shi bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.