Wa ya tuna lokacin da mol ɗinsu yake cika maƙil?

Uwar_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya, nace bari in zo in amayar da shi a nan ko zan samu wanda zai fahimce ni.

Jiya da yamma na kwashi yarana biyu muka je mol ɗin da na taso ina zuwa, rabona da shi ya kai shekara huɗu, dama takalmin makaranta zan saya wa ƙaramin sai nace bari in haɗa da nuna musu inda mamansu ta yi ƙuruciya. Tun daga fakin jikina ya yi sanyi. Wurin da a da sai Baba ya zagaya sau uku sau huɗu kafin ya samu inda zai cusa mota, jiya motocin da yatsun hannu za ka ƙirga su, ciyawa har ta fasa kwalta ta fito. Muka shiga, wannan sanyin esin da yake dukan fuskarka da zarar ƙofa ta buɗe babu shi, sai warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Eskaleta a tsaye take an ɗaure bakinta da igiya, famfon tsakiya mai feshin ruwa ya bushe an jera fulawar roba a ciki. Abin da ya fi taɓa ni shagunan da aka rufe, an ciccire haruffan sunayensu amma inuwar haruffan tana nan a jikin bango, in ka san shagon za ka iya karanta sunan.

A kan eskaletar nan na taɓa yin kuka ina 'yar shekara shida na ƙi takawa, Baba ya tsuguna yace rufe idonki ki riƙe ni, ban buɗe ba sai da muka kai sama. A shagon littattafan hawa na biyu nake tsayawa in karanta rabin littafi a tsaye, mai shagon yana gani bai taɓa kora ta ba ko sau ɗaya. Albashina na farko a can na sayo wa Umma agogon hannu. Jiya babbar 'yata ta kalle ni tace Mama wai nan ne wurin da kike ba mu labari? Wallahi na rasa me zan ce mata.

To tambayata, ku ma haka naku ya koma? Kuma me yake kashe wuri irin wannan, waya ce kawai da oda ta intanet kamar yadda kowa yake faɗa? Sannan akwai wanda ya taɓa ganin mol ɗin da ya kai wannan halin ya dawo?

Tsohon_Mai_Shago ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin taɓa min inda yake min ƙaiƙayi, dan ni shekara tara na yi ina da shagon jakunkuna da takalma a cikin wani mol kafin in tattara in fita, na ga rayuwarsa na kuma ga jinyarsa da idona.

Batun intanet gaskiya ne amma ba ita ce ta fara kwantar da shi ba, ta dai zo ta same shi a kwance. Kin ga yadda ake gina mol, ana saka babban kanti ɗaya ko biyu a can ƙarshe, irin wanda kowa dole ya je sayayyar gida, mu ƙananan shaguna sai a jera mu a kan hanyar zuwa wurinsa. Mutum bai fito dan ni ba, ya fito dan babban kantin, amma dole ya wuce ta ƙofata sau biyu, da shiga da fita, a nan nake samun nawa. Shi ya sa babban kantin hayarsa mai sauƙi ce in aka auna da faɗin wurin da ya cinye, mu ƙanana mu muke ɗaukar nauyin, kuma ba mu damu ba tunda shi yake kawo mana ƙafa. Ranar da babban kantin namu ya rufe wallahi ko wata biyu ba a yi ba cinikina ya karye, sai in buɗe tun safe har azahar ban ga wanda ya ce nawa ne wannan ba.

Daga nan abin yake zama kamar zaren da aka ja a jikin riga. Manyan kamfanoni da yawa suna da sharaɗi a takardar hayarsu cewa in babban kanti ya fita ko shaguna suka ragu sosai, za a rage musu haya ko su fita ba tara. Mu 'yan tsiraru ba mu da wannan gatan. Su suna fita, kuɗin wuta da shara da masu gadi da gyaran lif yana nan yadda yake, sai a raba shi a kan waɗanda suka rage, ciniki yana ƙasa kuɗin hidima yana sama. Masu ginin su kuma da kuɗi ya daina shigowa sai suka fara tsimi, a kashe esi a rabin gini, a kashe famfo, kwan fitila ya mutu a bar shi, rufi yana yoyo a tara bokiti. Mun rubuta musu takarda mu sha huɗu muka sa hannu, ko amsa ba mu samu ba. Kuma mai saye in ya zo sau ɗaya ya ga duhu da bokitai ba zai dawo da iyalinsa ba, ni ban ga laifinsa ba.

Har yanzu mukullin shagon yana cikin durowata, kwafin da na yanka wa yarona ne, na kasa yar da shi.

Autar_Mama ta rubuta:

Anti kin sa ni hawaye fa. Ni silimar da ke hawa na sama nake tunawa, a can na fara ganin fim a babban allo, da aka kashe fitilu na ƙanƙame hannun yayata. Da muka girma kuma kullum bayan jarabawa can muke haɗuwa da ƙawaye, ba ko sisi a jakarmu, mu zagaya mu gwada tabarau a madubi mu zauna a bencin gefen famfo har a zo ɗaukarmu. Yanzu ƙannena in suna son haɗuwa da abokansu sai dai a waya, ko su shiga wurin da dole sai ka sayi wani abu kafin ka zauna.

Mai_Zanen_Gini ya rubuta:

Hajiya sannu, Allah ya ƙara wa Baba lafiya in yana raye. Abin da Autar_Mama ta faɗa na benci shi ne ainihin abin da wanda ya ƙirƙiro mol ɗin zamani yake nema tun farko, mun karanta shi a makaranta.

Sunansa Victor Gruen, mai zanen gini ne ɗan birnin Biyana na Ostiriya, Bayahude, ya gudu Amurka a 1938 da 'yan Nazi suka mamaye ƙasarsu. Da ya ga unguwannin bayan gari na Amurka kowa daga gida sai mota daga mota sai gida, babu dandalin da mutane za su taka da ƙafa su haɗu kamar a garinsu, sai ya zana Southdale a jihar Minnesota, aka buɗe shi a 1956, rufaffen gini mai hawa biyu da ake daidaita zafi da sanyinsa, da manyan kantuna biyu da fili a tsakiya mai shuke-shuke da wurin zama. A tsarinsa har da gidajen kwana da makaranta da asibiti da wurin shaƙatawa a kewaye, wato gari guda yake so. Masu kuɗi suka ɗauki ɓangaren shaguna da filin fakin suka kwafa a ko'ina, saura suka watsar. Shi da kansa a 1978 ya fito ya barranta da abin da aka mayar da tunaninsa, ya rasu a Biyana a 1980.

Abin da Alhaji mai shago ya bayyana shi ya faru a can ma, sai dai a babban sikeli. An gina mol fiye da yadda jama'a suke buƙata, sabo ya buɗe a nesa kaɗan ya kwashe mutanen tsohon, sannan manyan kantunan da suke riƙe da su suka fara faɗuwa, Sears ya shiga kotun fatara a 2018, JCPenney a 2020 lokacin korona, a Ingila ma Debenhams ya rufe shagunansa na ƙarshe a 2021. Akwai wani a jihar Ohio mai suna Randall Park, an buɗe shi a 1976 yana cikin mafi girma a zamaninsa, ya rufe a 2009, aka rushe shi, yanzu katafaren sito na kamfanin sayayya ta intanet Amazon ne a filin. Rolling Acres na garin Akron ma haka, 1975 zuwa 2008, shi ma sito ne na Amazon yanzu.

Batun dawowa kuwa, gaskiya wanda ya kai matakin da kika faɗa da wuya ya dawo a matsayin wurin sayayya zalla. Amma ginin yana iya sake rayuwa. Highland Mall a birnin Austin na Texas kwalejin garin ce ta saye shi ta mayar da shi makaranta, tun 2014 ɗalibai suke karatu a inda babban kanti yake a da. Wasu an mayar da su asibiti ko ofisoshi ko gidajen haya. Waɗanda kuma har yanzu suke cika irin Dubai Mall in kin duba ba sayayya kaɗai ke kai mutane ba, akwai gidan kifaye akwai filin wasan ƙanƙara, mutum yana zuwa ya wuni. Ni a ganina duk mol ɗin da ya fara cire benci dan ya saka teburin haya to ya fara haƙa ramin kansa.

Ɗan_Gefen_Titi ya rubuta:

Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa muku, ba dan in ɓata wa kowa rai ba. Mahaifina shagon gyara da sayar da agogo yake da shi a kan titi, shekara ashirin da wani abu. Da aka buɗe mol kusa da mu mutanen da suka san shi tun suna yara suka koma can, cikin shekara uku ya rufe, kuma ban ji wanda ya rubuta masa irin wannan ba. Sannan ba kowa ne yake jin wurin nasa ne ba, ni na sha zuwa ƙofa mai gadi ya kalli takalmina kafin ya kalli fuskata, sau ɗaya har bin mu aka yi a baya ni da ƙanina daga shago zuwa shago. Duk da haka da na je kwanan baya na ga yadda ya zama ban ji daɗi ba ko kaɗan, saboda na san masu shara da masu gadi da 'yan matan kanta da suke ci da iyalinsu a wurin, kuma titin da ya kashe bai farfaɗo ba, yanzu an rasa biyun.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, kowanne na karanta shi sau biyu. Ɗan_Gefen_Titi gaskiyarka ce wallahi, ni ban taɓa kallon abin ta nan ba saboda a mota ake kawo ni ina riƙe da hannun Baba, ba wanda ya taɓa kallon takalmina. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ka gaishe shi in yana nan.

Alhaji mai shago, abin da kace na babban kanti shi ne daidai, yanzu da na tuna namu ma shi ya fara fita, bayan shi silima, bayan ita shagon littattafan. Jiya wurin an toshe shi da katako an fente. Amma akwai wani dattijo mai ɗaukar hoto a hawa na ƙasa kusa da lif, shi kaɗai fitilarsa ke kunne a duk layin, kuma shi ne dai wanda ya ɗauke mu hoton iyali tun ina firamare. Na tambaye shi Baba me ya hana ka tashi, yace mutane har yanzu suna zuwa da tsofaffin hotuna a wanke musu sabo, in ya tashi ba za su san inda za su same shi ba.

Malam mai zane, amin, Baba yana nan da ransa sai dai ƙafa, da sanda yake tafiya yanzu. Na kira shi ɗazu na ba shi labari ya yi shiru sannan yace har yanzu bencin gefen famfon yana nan? Nace ɗaya ya rage. Yace to in zo in ɗauke shi ranar Asabar, ni da yaran, mu je wurin mai hoton tun yana nan.