Wasiƙu sun taru min a Jamus, biza kuma saura sati uku, dan Allah a ba ni shawara

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Jamus ku taimaka min, wallahi kaina ya ɗau zafi. Wata na biyar ke nan da zuwa karatun digiri na biyu a wani gari a jihar Nordrhein-Westfalen, mu uku ne a gida ɗaya, ni da wani ɗan Indiya da wani ɗan Kamaru, kowa da ɗakinsa amma kicin ɗaya. Abu uku ne suka haɗe min lokaci guda.

Na farko wata wasiƙa ce take ta zuwa da tambarin ARD da ZDF, manyan kafafen yaɗa labarai na ƙasar, wai kuɗin rediyo da talabijin, ni kuwa ko talabijin ɗin ba ni da ita, sai na ɗauka talla ce nake ta jefa su a durowa, to jiya ta huɗu ta zo da na ɗora wayata a kai ta fassara min sai na ga maganar bashi ake yi. Na biyu na samu aiki a wani sito muna ɗaure kaya a kwali awa 20 a sati, albashin farko ya fito na ga an zaftare min fiye da Yuro 100 da sunan haraji, alhali wanda muka fara rana ɗaya kuɗin fansho kawai aka cire masa. Na uku shi ne ma yake hana ni barci, bizar da ke cikin fasfona saura sati uku ta ƙare, na tura wa ofishin baƙi saƙo har sau biyu shiru kake ji. Ga bikin ƙanwata a Kano a watan Disamba, Hajiyarmu kullum sai ta tambaye ni ko na sayi tikiti. Ya zan yi?

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, babu ɗaya a cikin ukun nan da ya fi ƙarfin gyara, amma daga yau ka daina jefa wasiƙa a durowa. Ƙasar nan da takarda take magana, ba mai kiranka a waya ya lallashe ka.

Bari in fara da bizar tunda ita ce babba. Abin da doka take kallo shi ne ka shigar da buƙatar katin zama KAFIN ranar da bizar za ta ƙare. In ka yi haka, sashe na 81 na dokar zaman baƙi ya ce izininka na da yana ci gaba da aiki har sai sun yanke hukunci, ko da ba su ba ka ranar ganawa ba. To saƙon da ka tura me ka rubuta a ciki? In cewa kawai ka yi kana neman ranar ganawa, wannan bai wadatar ba, ka sake rubutawa ƙarara cewa kana neman izinin zama na karatu, ka sa cikakken sunanka da ranar haihuwa da adireshi, ka haɗa hoton fasfo da bizar da takardar shaidar kai ɗalibi ne da ta inshorar lafiya da ta asusun bankin nan da aka kulle maka kuɗi a ciki. Ka tura ta shafinsu ka ɗauki hoton shaidar an karɓa, sannan ka buga a takarda ka je gidan waya ka ce Einschreiben kake so, wato wasiƙa mai rajista, za su ba ka ɗan rasit, ka adana shi kamar yadda kake adana fasfo. Ka kuma roƙe su su ba ka Fiktionsbescheinigung, wata 'yar takarda ce mai ninki uku da ke shaida cewa izininka yana nan kafin katin ya fito, ita za ka nuna wa wurin aikinka.

Maganar biki kuwa gaskiya zan faɗa maka ko da ba daɗi, kar ka sayi tikiti sai takardar nan tana hannunka kuma ka duba da idonka ka ga sakin layi na 4 na sashe na 81 ɗin aka yi wa alama, don ita ce ake fita da ita a dawo, in na 3 ne to fita kawai za ka yi. Rasit ɗin gidan waya ba ya shigar da mutum jirgi. Na san wani yaronmu da ya tafi jana'izar mahaifinsa da hoton imel kawai a waya, sai da ya sake neman biza daga Najeriya, zangon karatu guda ya wuce shi. Ka yi wa Hajiya bayani a hankali, uwa ce za ta gane.

Haraji kuma, tambaya ɗaya zan maka: yaushe ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙa na gidanku? Don bayan ka yi Anmeldung, wato rajistar adireshinka a hukumar gari, ana aiko maka da lambar haraji mai lamba 11 ta gidan waya, in ɗan aike bai ga sunanka ba mayar da ita yake yi. Wanda bai kai wa wurin aiki lambar nan ba kuwa ajin haraji na 6 ake jefa shi, shi ne ajin da ya fi kowanne yanka. Duba saman takardar albashinka za ka ga an rubuta 6.

Maman Ilham:

Sannu ƙanina, Allah Ya kawo mafita. Baban Khalifa ya gama magana kan biza, ni kan kuɗin rediyon zan tsaya don ni ya taɓa cizona. Ba ruwansu da kana da talabijin ko ba ka da ita, gida ake bi ba mutum ba, Yuro 18.36 ne a wata, yawanci suna haɗa na wata uku su ce 55.08. Tunda ku uku ne a gida ɗaya mutum ɗaya ne zai biya, saboda haka yau ɗin nan ka tambayi abokan zamanka ko akwai mai biya, in akwai ka karɓi lambarsa ta biya mai lamba 9 ka cike a shafinsu cewa gidan nan an riga ana biya, shi ke nan za su rabu da kai, sai ku dinga raba kuɗin uku. In kuma babu mai biya to daga watan da ka tare za su lissafa, wata biyar ɗinka Yuro 91.80 ke nan, kuma suna yarda a biya kaɗan-kaɗan in ka rubuta ka roƙa.

Ni shekarar da na zo maigidana yana aiki a wani gari, wasiƙun suna zuwa ina tara su a kan firji ina jiran ya dawo, ga goyo ga sanyi ga ba na jin yaren, har ranar da ambulan mai ruwan ɗorawa ta zo, ɗan aiken ya rubuta kwanan wata da biro a bayanta. Maƙwabciyata wata tsohuwa Bajamushiya da na nuna mata sai da ta dafe ƙirji, ta ce wa'adi daga wannan kwanan watan yake fara ƙirguwa ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ita ta zaunar da ni a teburin kicin ɗinta muka rubuta amsa. Mun biya har da tara, kuma da an ƙara sati biyu da maganar ta kai ga masu karɓar bashi da ƙarfin hukuma, irin abin da yake ɓata wa mutum suna a Schufa, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ya zo neman haya a hana shi.

Sannan dan Allah ka dinga leƙa labaran garinku ba na gida kawai ba. Mu duka Sashen Hausa na DW muke ji, a Bonn ma suke, amma ba su ne za su gaya maka gobe direbobin bas na garinku suna yajin aiki ba. Ka bi shafin WDR, gidan rediyo da talabijin na jiharku, da na hukumar garinku, ka sauke manhajar NINA mai ba da sanarwar gaggawa. A Cologne a watan Yunin 2025 mutum wajen 20,000 aka fitar daga gidajensu saboda bama-baman yaƙin duniya na biyu da aka tono, irin wannan in ba ka bibiya sai dai ka ga 'yan sanda a ƙofa. Kuma duk Alhamis ta biyu a watan Satumba ƙarfe 11 na safe za ka ji jiniya wayoyi suna ta ƙara, gwaji ne kawai kar ka firgita.

Abba Damagaram:

Ɗan'uwa kuɗin harajin nan ba su tafi ba fa. Ni ma haka aka min. Na ɗauki fasfo da takardar Anmeldung na je Finanzamt, wato ofishin haraji, na unguwarmu aka duba min lambar, na kai wa mai lissafin albashi, wata na gaba suka mayar da ni aji na 1 suka dawo min da abin da suka cire. In ma ba su gyara ba, shekara na ƙarewa ka cike takardar haraji ta ELSTER, shafin intanet na hukumar haraji, a 2025 duk wanda abin da ya samu bai wuce Yuro 12,096 ba babu harajin albashi a kansa, kuma kana da har shekara huɗu ka nema.

Amma ni inda na ɗan saba da Baba shi ne kar ka zauna jiran amsar wasiƙa kawai, ka je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na jami'arku gobe da safe, da yawansu suna da wanda suke magana da shi kai tsaye a ofishin baƙi, ni ta nan tawa ta fito. Ka kuma dinga ƙirga kwanakin aikinka, tun Maris 2024 kwana 140 cikakku ko rabi-rabi 280 aka yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki a shekara. Fasfonka kuma saura shekara nawa? Don ba sa ba da katin zama ya wuce ranar mutuwar fasfo.

Ɗan Gwammaja:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuri'a. Baba wallahi kamar kana nan, sai da na yi wata ɗaya da rabi kafin na liƙa sunana, kuma na duba takardar albashin 6 ɗin ce a rubuce. Anti na tambayi ɗan Kamarun ashe shi yake biya tun bara, ya ba ni lambar na cike yanzu. Wasiƙar ofishin baƙi na sake rubuta ta yadda Baba ya ce, gobe in sha Allahu daga gidan waya sai jami'a. Hajiya kuma na kira ta, ta yi shiru ta ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, in bari sai takarda ta fito.

Abba fasfona saura wata goma sha huɗu. Wanda ya sabunta nasa kwanan nan, Berlin kuka je ko Frankfurt, kuma sati nawa ya ɗauka kafin ya fito?