Ruwan da na ɗebo a Kalaba ya ƙi hawa layi, ku agaza min

Ummi Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina digiri na biyu, kuma tun farko ni ruwan Kubanni da ke nan kusa da mu na so yi wa aiki, malamina ya ce an yi wannan har an gaji. Ya tura ni Kalaba, inda kogin Kuros Riba ke haɗuwa da teku. Kuɗin ɗinkin da na tara duk suka tafi a mota, yayana da ya raka ni yana mita tun daga Makurɗi, ga shi ban taɓa shiga kwalekwale ba, amai kawai na yi ta yi. Na ɗebo ruwa a wuri 12, daga inda babu gishiri har kusa da teku, na kuma ɓamɓaro kawa a jikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa. Ana son a ga ko sinadaran ɓawon za su faɗi yawan gishirin ruwan da kawar ta rayu a ciki, don in an tono tsohon ɓawo a laka a san yadda ruwan yake a da. Da na auna sinadaran ruwan na zana yawan kowanne a jadawali daidai da yawan gishiri, sodiyam da kulorayid sun hau miƙaƙƙen layi tsaf. Bariyam kuwa ya yi tozo a tsakiya sannan ya sauka, ƙarfe ya faɗi warwas tun daga farko. Malamina ya duba ya ce "je ki yi tunani." Na lalata samfurin ne?

Baban Sadik: Ƙanwata kwantar da hankalinki, babu abin da kika lalata. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowane kilo, na kogi kusan babu. Sodiyam da kulorayid surki kawai suke bi, shi ya sa suka miƙe. Shi bariyam yana zuwa ne maƙale a jikin lakar da kogi ya kwaso, da ya taɓa ruwan gishiri sai magniziyam da kalsiyam su ture shi daga jikin lakar ya narke. Tozon ke nan. Ƙarfe kuma dunƙulewa yake yi ya kwanta ƙasa da zarar gishiri ya fara shiga. In da layi ya ba ki ma, da na ce ƙirƙira kika yi.

Maman Ilham: Ke kin ma ci sa'a malaminki yana duba takarda. Nawa wata bakwai babi na biyu yana cikin but ɗin motarsa. Allah ya isa ba zan ce ba, amma Allah na gani.

Injiniya T/Wada: Kafin a yi murna, kin tace ruwan a can da matata mai ƙananan ramuka (maikiron 0.45), kin ɗiga masa asid ɗin naitirik? In ba haka ba ƙarfen a jikin kwalba ya kwanta, ba a kogi ba. Kuma ruwan can yana cika yana janyewa sau biyu a rana. Da ƙarfe nawa kika ɗebi kowanne?

Ummi Samaru: Asid ɗin sai da na dawo Zariya na sa. Wa zai bar ki ki hau mota da shi? Kuma a kula na zuba su da ƙanƙara. Lokaci na rubuta na wasu, littafin ne ya jiƙe.

Injiniya T/Wada: Namiji ne ni. Tacewar fa?

Baban Sadik: Injiniya kar ka tsorata yarinya. Kwana biyu a ƙanƙara ba zai haifar da tozo a tsakiya kaɗai ba. Ni matsalar da na hango daban ce: tunda ya hau ya sauka, adadin bariyam ɗaya zai dace da gishiri iri biyu, to wanne ɓawon yake faɗa miki? Ki haɗa da aisotof ɗin oksijin, wato nau'o'insa masu bambancin nauyi, shi yana bin gishiri a miƙe.

Injiniya T/Wada: Wanda zafin ruwa ma ke juya shi a cikin ɓawo? Kuma da wane kuɗi, a wane inji? Sannan kawa ta shekara tana shan ruwan damina da na rani, ita kuma ɗiban rana ɗaya ta yi. Ki koma da damina, ba wata hanya.

Abu Hanifa: Shi ya sa na ce 'yan Arewa mu tsaya kan Tafkin Chadi da rijiyoyinmu. Rijiyar gidanmu a Sabon Gari zartsi ne da ita, ba wanda ya zo ya auna.

Ummi Samaru: Yi haƙuri Injiniya, ban lura ba. Komawa kam ba zan iya ba, an sa bikina bayan Sallah. Kuma malamina bai taɓa ce min in tace ba, ruwan ma garau yake ban da kwalba uku ko huɗu.

Baban Sadik: Rubuta yadda na faɗa miki kawai, ki kai masa ranar Litinin.

Injiniya T/Wada: Waɗanne ne kwalba ukun? In na tsakiya ne, akwai magana.

Maman Ilham: Allah ya sanya alheri amarya. Har yanzu kina karɓar ɗinki?