Ban samu likitanci ba, an ba ni nazarin ƙwayoyin cuta: in karɓa ko in sake JAMB?

Autar Mama:
Assalamu alaikum yayyena. Shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Na gama sakandare bara, ina da kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Na cike likitanci a JAMB, na ci 231. Sunana bai fito ba, sai aka ba ni gurbi a kwas ɗin nazarin ƙwayoyin cuta. Baba ya ce in karɓa, wai idan na yi ƙoƙari a aji ɗaya za a mayar da ni likitanci. Mama kuma ta ce in nemi makarantar koyon jinya, in gama da wuri in kama aiki. Ni ko raina na kan in sake zana JAMB. Shekarata 18. Asibiti nake son yi wa aiki, wannan kam ba na tantama. Me kuka gani?

Anti Nas:
Wa alaikissalam ƙanwata. Maganar Baba mai kyau ce, amma kar ki shiga kwas da niyyar za a canza miki. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta yaye, shi ya sa gurbin ya yi tsada. Waɗanda ma suka shiga likitancin tun farko ana tankaɗe su bayan aji ɗaya, balle a ɗauko na wani sashe. Yakan faru, amma ba abin da za a ɗora rayuwa a kai ba ne.

Jinya kuwa aikina ce. A da shekara 3 ake yi, yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin ND da HND, shekara 4, kuma ta JAMB ake shiga. Digirinta a jami'a shekara 5 ne. Duk ta inda kika bi, sai kin ci jarrabawar hukumar jinya da ungozoma kafin a ba ki lasisi. Ba na ɓoye miki, akwai aikin kwana, akwai jini, akwai 'yan jinya masu faɗa kamar ke kika ɗora wa ɗan'uwansu ciwon. Kuma ki sani, nas ba likitan da ya gaza ba ce. In da wannan tunanin za ki shigo, za ki yi ta ƙunci.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Bari in ƙara abin da ba a cika gaya wa yara ba. Mutane na zaton wanda ya karanta nazarin ƙwayoyin cuta shi ne ke gwajin jini da fitsari a asibiti. Ba haka ba ne. Wannan aikin na masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, wato BMLS, shekara 5, da lasisin hukumarsu MLSCN. A ajinmu akwai waɗanda suka gama digirin nazarin ƙwayoyin cuta, har suka yi hidimar ƙasa, sannan suka dawo ta DE, wato shigar kai-tsaye ta masu babbar takarda, suka zauna da mu a aji biyu, saboda takardarsu ba ta ba su damar sa hannu a sakamakon gwajin majinyaci.

Tunda kin ce asibiti kike so, tambayar da za ki riƙa yi wa kowane kwas ita ce: idan na gama, wace hukuma ce za ta ba ni lasisi? Haɗa magunguna na da shi, gashin ƙashi na da shi, ɗaukar hoton asibiti ma haka. Duk darussan JAMB iri ɗaya ne da na likitanci, makinsu ma ba wasa ba ne, amma cunkoson bai kai ba.

Malamin Kemistiri:
Ni na ɗan saɓa da ku. Yarinya mai shekara 18 da ta ci 231 cikin 400 a zaman farko, me zai hana ta sake? Shekara ɗaya ba komai ba ce a tafiyar da za ta ci shekara 6 ta karatu, da 1 ta horon asibiti, da 1 ta hidimar ƙasa. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye, kuma ba wanda ya fasa karatu. Sai dai sharaɗi: ba zaman gida da waya a hannu ba. Ki ɗauko tambayoyin shekarun baya, ki saba da kwamfuta, ki gano darasin da ya ja ki ƙasa. A wajen ɗalibaina fiziks ne galibi. Akwai kuma jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB da ABU Zariya ke gudanarwa, wadda ke kai mutum aji biyu, amma likitanci ta nan ma sai mai maki na ƙoli.

Kuma don Allah a daina raina nazarin ƙwayoyin cuta. NAFDAC na ɗaukarsu, kamfanonin abinci da ruwa da magani ma haka, ga koyarwa da bincike. Bai dace da burinta ba ne kawai.

Idan kuɗi ne ke sa Mama gaggawa, tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Anti Nas:
Malam, ba mu ce kar ta sake ba. Amma ku malamai kukan manta ita mace ce a gidan Bahaushe. Shekarar zaman nan, masu sallama za su fara zarya, dangi su fara cewa zaman me take yi. Na ga da yawa da karatunsu ya tsaya a "bari in sake". Idan za ta sake, ta sayi fom ɗin jinya a shekarar, kar ta riƙe igiya ɗaya.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam ka canka, fiziks ne, 48 na ci. Na karanta wa Baba bayanin lasisin nan, ya yi shiru, ya ce zai tambayi wani abokinsa da ke aiki a asibiti. Yaya Ɗan Ɗakin Gwaji, idan na sake JAMB na cike likitanci, makina bai kai ba, zan iya canzawa zuwa BMLS bayan sakamako ya fito, ko sai na zaɓe shi tun wajen cike fom?