Wai ya yi nadama

Ɗan Mafara: Jama'a, abin ga ya tsaya min a rai. Buhu 6 na gero na bar wa ɗan kawuna ajiya kafin in tafi cin rani. Ko da na dawo ya kai su kasuwa, kuɗin ma ya cinye. Jiya bayan magariba ya zo ya tsuguna bakin zaure, kai ƙasa, hula a hannu, wai "Yaya, na yi nadama." Ko tiya guda bai riƙo ba. In yi yaya da nadama tai?

Malam na Gummi: Allah ya mayar da alheri. Amma nadama ba Hausa ba ce, Larabci ce, daga "nadima". Kakanninmu da-na-sani suka sani, shi ya sa suka ce ƙeya ce, a baya take.

Ɗan Anka: Allah gafarta Malam, in an kori nadama sai a kori tuba, a kori laifi ma. Laifi daga "al'aibu" ya fito.

Malam na Gummi: Laifi kuma? Kawo hujja.

Ɗan Anka: Yadda "al'akhira" ta koma lahira, "alkhabar" ya koma labari. Harafin lam na "al" ne ya manne.

Hajiya Inna: Ku dai ku bar asali, ma'anar ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya ɓoye wake har farashi ya faɗi, da-na-sani yake yi, aljihunsa yake wa kuka. Nadama kuwa tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Ai hadisi ya ce nadama tuba ce.

Alaramma: Hajiya, a yi hattara. Ƙabilu da ya kashe ɗan'uwansa, ya ga hankaka yana tono, Alƙur'ani ya ce ya wayi gari cikin masu nadama. Ma'ida, aya ta 31. Tuba ya yi?

Hajiya Inna: Ni hadisi na kawo, Alaramma. Ƙaryata shi kake yi?

Alaramma: Subhanallahi! Kada ki sa min magana a baki.

Malam na Gummi: Ni dai ban taɓa jin tsohuwa a ƙauyenmu ta ce nadama ba. Hausar rediyo ce.

Ɗan Anka: Kai da ka yi karatu Kano ka dawo kana ce muna "me", ka manta "mi", kai za ka faɗa muna Hausar tsofaffi?

Malam na Gummi: Yaro, na koyar da yayyenka.

Ɗan Mafara: Jama'a, gerona fa?

Shugaban zaure: A tsaya haka nan. Abin da aka cimma: Malam ya yi gaskiya, nadama baƙuwa ce, da-na-sani ce tamu. Maganar laifi ba a kawo littafi ba, don haka ba ta zauna ba. Ɗan Anka ya nemi gafarar Malam, don a hannunsa mu duka muka yi karatu. Ɗan Mafara, ka yi haƙuri, zumunci ya fi gero.