Takalmin golf ga mai faɗin ƙafa: shawarwarin 'yan zaure

Alhaji, Gusau: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara a kan takalmin golf. Ƙafata mai faɗi ce. Lamba 43 nake sawa a sau-ciki, amma na golf in na ɗauki 43 sai ya matse ni ta gefen ƙaramin yatsa, in na haura 45 kuma diddige ya riƙa fita yana gogar baya har ya yi bororo. A Kaduna da Abuja nake bugawa, a gida kuwa atisaye ne kawai a busasshen fili. Wanne ya dace in nema?

Malam Baduku, Argungu: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah shi ƙara lafiya. Ka bar haura lamba, ba can matsalar take ba. Lamba tsawo take aunawa. A lissafin Turai, daga 43 zuwa 44 ƙarin tsawo bai cika milimita 7 ba, faɗin da ke ƙaruwa kuwa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Wanda ya haura lamba biyu ya sayi tsawon da ya zarce santimita ɗaya wanda ba ya buƙata, don ya samu ɗan faɗi kaɗan. Kuma akwai ɓarnar da ta fi fitar diddige. Kowane takalmi yana da wurin da anka yi shi ya lanƙwashe, daidai gindin yatsu. In ya yi tsawo, wurin nan sai ya koma gaba ya bar gaɓar ƙafa a baya, fatar sama ta riƙa naɗewa tana cizon yatsu, ƙafa kuma tana tilasta wa takalmi lanƙwasa a inda yake da tauri. Daga nan ciwon tafi yake farawa.

Ga yadda za ka auna. Bari sai bayan la'asar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini. Sa safar da kake wasa da ita. Shimfiɗa takarda bisa siminti, ba bisa kafet ba, ka tsaya tsaye ka saki nauyinka, wani ya zagaya ƙafar da biro yana riƙe da shi a miƙe. A auna tsawo daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo, don wasu na biyu ne ya ɗara babban. A auna faɗi daga gaɓar babban yatsa zuwa gaɓar ƙarami, sannan a zagaye wurin nan da tef ɗin tela a rubuta. Ƙafa biyu duka, kuma da babbar ake aiki. A gaban yatsa a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Hajiya mai odar kaya, Jega: Malam ya gama magana a kan awo, bari in ƙara abin da za a duba a jikin kwali ko a harshen takalmi. Faɗi harafi gare shi. A na maza, D ko M shi ne na kowa da kowa, 2E ko W mai faɗi, 4E ko XW mai faɗi sosai. A na mata B ne na kowa, D mai faɗi, don haka kar a rikita su. Tsakanin harafi da harafi kusan milimita 5 ne, amma kowane kamfani da tasa ƙirar, W ɗin wani bai kai na wani ba.

FootJoy suna yin N (siriri), M, W da XW. New Balance suna yin D, 2E da 4E. Skechers suna da mai faɗi, kuma tafinsu da laushi. Ecco ba su cika raba faɗi da harafi ba, amma gaban takalminsu a buɗe yake, diddige a kame. Mizuno da Asics da aka yi don kasuwar Japan za ka ga 3E ko 4E a jiki. Nike yawancin ƙirarsu siririya ce, mai faɗin ƙafa ya gwada kafin ya biya. In oda za a yi, Alhaji, a turo awon santimita, kuma a sa mai sayarwa ya ɗauko hoton takardar da ke cikin harshen takalmin, inda aka rubuta CM ko JP, wato tsawon a santimita. Wannan lambar ta fi ta Amurka da ta Ingila sauƙin kamawa, saboda 9 ɗin Amurka 8 ce ko 8 da rabi a Ingila, nan mutane suke yawan kuskurewa.

Koci, Birnin Kebbi: Ranka ya daɗe, ciwon gefen ƙaramin yatsan nan, ina kyautata zaton a ƙafar hagu ya fi tsanani in da dama kake bugu. Lokacin da ka kai sanda baya nauyi yana kan cikin ƙafar dama, da ka sauko ka bi bugu sai kusan dukkansa ya koma hagu, ya mirgina kan gefen waje. In ƙasan takalmin bai kai faɗin ƙafa ba, naman ƙafa yana zubowa ta gefe, ba shi da abin dogara, sai mutum ya riƙa tangaɗi a ƙarshen bugu. Shi ya sa saman takalmi mai laushi kaɗai ba ya wadatarwa. Juya shi ka dubi ƙasansa, faɗin tafin ne abin nema.

Gwaji mai sauƙi: zaro soson ciki ka aza a ƙasa ka taka shi a tsaye. In ƙafa ta rufe shi ta fita ta gefe, mayar musu.

Sai maganar ƙusa, wato ƙusoshin da ake sawa a ƙasan takalmin golf don ya kama ƙasa. Cikakken wasa na rami 18 tafiyar kilomita 8 zuwa 10 ce, awa huɗu ko fiye. Mai ƙusoshin roba ya fi kamu a ciyawa mai raɓa da gangara, irin filin IBB na Abuja da damina. A ƙasa mai tauri kuwa ƙusa ba ta nutsewa, nauyi yana taruwa a kan kowace ɗaya. Ga busasshen fili irin namu, marar ƙusa mai haƙoran roba ya fi. Na ƙarfe kuwa yawancin filaye sun hana shi. In guda ɗaya za ka saya, marar ƙusa nake ba da shawara.

Alhaji, Gusau: Haka ne Koci, hagun ce. To mai yadi irin na kambas fa? An ce ya fi sakewa, ga shan iska.

Mai gashin ƙashi, Birnin Kebbi: Yallaɓai, yana sakewa, amma sakewa daban, tallafi daban. Kafin ka biya kuɗi ka yi masa gwaji uku da hannu. Matsa bayan diddigen da yatsu biyu: in ya lotse cikin sauƙi ba zai riƙe diddige ba. Kama gaba da baya ka murɗa: ya kamata ya yi gardama, ya juya kaɗan kawai. Sannan ka lanƙwasa shi: a gindin yatsu ya kamata ya karye, in ya naɗe a tsakiya ka ajiye.

Wasu masu faɗin ƙafa tafinsu a shimfiɗe yake, ko kuma yana shimfiɗewa in sun taka. Irin wannan ƙafa tana son soso mai ɗan tudu a ƙarƙashin kwarmin tafi. Amma a kula, ba a ɗora sabon soso a kan na asali, sai an cire na farko, in ba haka ba fili ya ragu, bayan ƙafa ya matsu, yatsu su riƙa mutuwa. Ƙuna ko jin kamar tsakuwa tsakanin yatsa na uku da na huɗu alama ce ta matsi yana danne jijiya, kar a ce za a saba. Mai ciwon suga kuma ina roƙonsa da babbar murya: ya shafa cikin takalmi da hannu kafin ya sa, ya duba ƙafarsa bayan wasa, don ƙaramin bororo a gare shi yana iya zama gyambo bai ji ba.

Malam Baduku, Argungu: Ni a wajen yadi ban goyi baya ba, Alhaji. Ƙarangiya tana manne masa, tsidau yana huda shi, ƙurar hunturu ta shige ta cika safa tana gogar fata. Fata ta gaskiya ita ka bin siffar ƙafa. In ta ɗan matsa a wuri guda, a shafa mata ruwa kaɗan daga ciki, a sa icen buɗa takalmi ya kwana ɗaya ko biyu, ana samun milimita kaɗan. Amma faɗi kawai ake ƙarawa, tsawo ba ya ƙaruwa, kuma wanda anka yi da roba ko mai shimfiɗar hana ruwa a ciki ba ya buɗuwa, sai dai ya yage.

Koci, Birnin Kebbi: Malam, da gaskiyarka a kan ƙarangiya, amma zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40 a nan, fata mai kauri tana dafa ƙafa, ƙafa mai zufa kuma ita ke yin bororo. Akwai na tsakiya, yadi mai rufin roba siriri a gefe da gaba. Wannan ya isa rani. A haɗa da safa siririya wadda ba auduga zalla ba, don auduga tana riƙe gumi.

Ƙaramin ɗan zaure, Yauri: Iyayena, na gwanjo fa? Sabon ya fi ƙarfin wasunmu.

Hajiya mai odar kaya, Jega: Ana dacewa ƙanena, har ma an fi samun 2E da 4E a dilar da ta fito daga Amurka. Danna ƙasan da farce, in ya yi dabbare ko yana marmashewa to ya daɗe a ajiye, roba ta mutu, zai wargaje a fili ko da samansa na ƙyalli. Ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkata gefe ɗaya ƙafar mai shi na farko ta riga ta cinye shi. In mai ƙusa ne ka tabbata ramukan ba su lalace ba, kuma ka cire guda ka riƙe samfur, don mazaunin ƙusa iri-iri ne, na wani ba ya shiga na wani.

Mai gashin ƙashi, Birnin Kebbi: Ɗaurin igiya ma yana gyara abu da yawa. In gaba ne ya matsa, a tsallake ramuka biyu na farko ko a sassauta su, a ƙarfafa na sama. In diddige ke fita, a yi amfani da ramin ƙarshe na sama: a zura kowace igiya a gefenta ta yi ɗan kunne, a ratsa ɗayar ta ciki, a ja ƙasa, sannan a ɗaure. Mai maɓallin murɗawa na BOA yana da saurin sawa, amma yana ja ne gaba ɗaya, ba ka iya sassauta gaba ka matse sama kamar yadda igiya ke bari. Ga mai faɗin ƙafa igiya ta fi.

Malam Baduku, Argungu: Kuma kar a bar shi cikin but ɗin mota a rana, zafi yana sakin gam, tafi ya ɓare. In ya jiƙe a cire soso, a cusa takarda, a shanya a inuwa. Da hunturu a shafa wa fata man takalmi ko man kaɗe ɗan kaɗan, in ya yi yawa tana saki ta rasa kamu.

Alhaji, Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan auna yau bayan la'asar in turo miki santimita, Hajiya. A duba mini 43 mai 2E da mai 4E, marar ƙusa, mai igiya.

Hajiya mai odar kaya, Jega: To Alhaji. A haɗo da awon zagayen ƙafar, shi zai raba tsakanin 2E da 4E. In ya iso a fara gwada shi cikin ɗaki da yamma na rabin awa, kar a cire takarda ko a taka ƙasa da shi sai an tabbata, don wanda ya taɓa ƙasa ba a karɓar canjinsa.