Neman shawara: fim zan fara sa wa yara ko shirin talabijin ɗinsa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutu ya zo, ba na son yarana su wuni kan waya suna kallon duk abin da ya faɗo. Na tuna da Honey, I Shrunk the Kids, fim ɗin Disney na 1989, wanda na'urar wani uba ta ƙanƙance 'ya'yansa da na maƙwabci. Ashe daga baya an mai da shi shirin talabijin. Wanne zan fara sa musu? Autata shekararta shida.

Wani malamin firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da fim ɗin. Daɗinsa duk a abu ɗaya yake: uban ya share yaran ya zubar da su cikin shara bai sani ba, sai sun ratsa ciyawar bayan gida kafin su dawo, ga tururuwa ta zame musu abin hawa, ga ruwan ban-ciyawa ya zama ambaliya. Shirin kuwa daga 1997 zuwa 2000 aka yi shi, kashi 66, kuma ba za a yi ta ƙanƙance yara kowane mako ba. Dole suka riƙa ƙirƙiro sabuwar na'ura kusan kowane kashi, har da tafiya zuwa wani zamani da halittun wasu duniyoyi. Akwai dariya, amma wancan tashin hankalin na uba mai neman 'ya'yansa ya ragu ƙwarai.

Wata uwa: Yaya, ki fara kallonsa ke kaɗai. Wurin da kunama ta kashe tururuwar ya sa ɗana kuka sosai. Akwai kuma inda matasan biyu suka sumbaci juna, ni dai wucewa nake yi.

Wani ɗalibi: Anti, su san cewa an canja uban. Rick Moranis ne a fim, Peter Scolari a shirin. Ƙannena sun ƙi yarda da shi da farko, sai da suka saba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, shirin zai yi wa 'yar shekara shida?

Malamin: Zai fi dacewa da yayyenta. Ita ki bar ta a fim ɗin, kina kusa da ita. In sun nemi ƙari, akwai Honey, I Blew Up the Kid na 1992, inda ƙaramin ɗan uban nan mai na'ura ya zama ƙato ya nufi birnin Las Vegas na Amurka.